Ƙwallon Dabino a Kan Dogo

Shekaran jiya da la'asar, muna fitowa daga wajen masallacin Ƙiblatain ni da ƙaramar 'yata, sai iska ta kwaso mini ƙamshin gasasshiyar masara. Wani mutum ne ya kafa kaskonsa a bakin titi saboda baƙi masu ziyara, yana fifita gawayi da guntun kwali. Yarinyar ta ja mini abaya, da Larabci kamar kullum, wai sai na saya mata. Na saya, na miƙa mata, na kau da kaina gefe. Ni kam rabona da gasasshiyar masara tun ina 'yar shekara tara, kuma ba likita ne ya hana ni ba. Bari in gaya maka dalili. In ka ga ina ta kewaye-kewaye ka yi haƙuri da ni, abin da ya daɗe a ciki ba ya fitowa a miƙe.

A unguwar Jurf ta Madina na girma, a hawa na uku na wata imara, wato dogon bene, mai ruwan ƙasa, wadda in ka hau rufinta da yamma kana hango dutsen Uhudu ya yi ja. Babana mai haɗa magani ne a wani asibiti, ya zo daga Kano tun ba a haife ni ba. Yaran unguwa mukan tsorata junanmu da cewa a fakon gishirin nan na bayan gari Dujal zai yada zango, mu yi ta gudu muna ihu. Wannan tsoron wasa ne. Tsoro na gaske a kan rufin gidanmu na fara ganinsa, a wani ɗaki guda da aka gina wa kakana kusa da tankin ruwa.

Kaka, mahaifin Babana, ya zo mana ne bayan rasuwar kakata. Dogon tsoho ne baƙi, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna, ƙanana-ƙanana kamar an yayyafa masa. A ƙuruciyarsa, zamanin Turawa, shi ne mai zuba wa kan jirgin ƙasa kwal, aikin da 'yan reluwe ke ce wa fayaman. Ranar da ya iso, Hausawan unguwa suka cika falonmu, likitoci da malaman jami'a da tsofaffin mazauna, kowa yana yi masa barka. Ka san abin da ake ce wa tsohon da Allah ya kawo Madina: ka dace, Alhaji, Allah ya sa a Baƙi'a za ka kwanta. Kaka ya yi ta sunkuyar da kai bai ce amin ba. Da baƙi suka watse sai ya dubi Babana ya ce, "Ziyara na zo. In ka ga jikina ya fara saki, ka mai da ni gida. Kada ka bari in mutu a garin nan."

Na tuna Umma ta saki faranti a kicin. Mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan, ga tsoho an kawo shi har bakin ƙofa yana cewa a fitar da shi! Babana ya ɗauka ruɗun tsufa ne, ya yi dariya, ya ce to, Allah ya kai mu. Amma Kaka bai bar maganar ba. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya sake ta. Akwatinsa na ƙarfe kuwa, mai ɗan kwaɗo baƙi, yana nan a bakin ƙofar ɗakinsa a ɗaure da igiya, kamar mai jiran mota. Ko shara za a yi, shi yake matsar da shi da kansa. Abin yana ba Babana kunya ƙwarai, don maganar ta fara fita, har wasu suna tambaya ko tsohon nan yana da lafiyar kai.

Don ya ɗauke masa hankali ne Babana ya je haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ya dawo da wani ƙaton kwali da wani Bature injiniya ya bari da zai tafi. Jirgin ƙasa ne na wasa, amma irin wanda manya ke haɗawa, komai nasa an kwaikwayi na gaske. Kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannun Babana ba, kore shar da siririn layi mai ruwan zinariya, gabansa ja, manyan ƙafafu uku a kowane gefe an haɗe su da sanda. Ga taragai, ga dogo gunduwa-gunduwa, ga tasha irin ta Ingila da ɗan lambun furanninta, ga tabarmar ciyawa koriya, ga akwatin wuta mai maɓalli ɗaya da ake murɗawa. A ƙasan kwalin akwai 'yan mutane kamar ƙwayar wake: mai ɗaukar kaya, wata mata da malafa, kare, tumaki. Babana ya ce waɗannan kam ba za su kwana a gidansa ba, kada su hana mala'iku shiga. Umma ta tattara su a leda ta kai bola, ina kuka ina bin ta. Kaka kuwa sai na ga kamar an sauke masa kaya.

Ya ɗauki kan jirgin ya kai kusa da idonsa, don lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya shafa tukunyar, ya shafa wurin tsayuwar direba da ɗan yatsa. "Wannan ɗan gata ne, bai taɓa shan rana ba," ya ce. "Amma ubansu ɗaya da nawa." Ya ce nasu ma daga can ake sauke su a jirgin ruwa, baƙaƙe wuluk, kowanne da sunan wani kogi a jikinsa.

Daga ranar na zama 'yar ɗakinsa, ko in ce amaryarsa, don haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ni kuma in ce Allah ya tsare ni da miji marar haƙori. Lokacin Hausata ba ta wuce ta jin aike ba, a yi mini magana in mayar da Larabci. A ɗakin nan na koye ta, kuma ta 'yan reluwe na koya, shi ya sa har yau in na yi fushi Umma ke cewa bakina na ma'aikatan tasha ne. Na san shebur da birki da falwaya tun ban san sunan kayan miya ba.

Ka ɗauka zai shimfiɗa abin yadda ya zo, jirgi ya yi ta zagaye yara su yi tafi. Ina! Tabarmar ciyawar ya fara naɗewa ya jefa bayan tanki. Tashar Turawa ma ya mai da ita kwali. Ya sa aka hau masa da wata tsohuwar ƙofar katako, aka ɗora ta a kan bulo, a nan ya fara gina ƙasarsa. Rairayi muka ɗebo daga kwari, ya tankaɗe shi da rariyar Umma, ta yi kwana uku tana mita. Tsakuwar ƙarƙashin dogo kuwa, baƙin dutsen nan na Madina ya daka a turmi, ya riƙa jera ta da tsinke yana ɗiga mata jiƙaƙƙen ƙaro. Ya murɗa waya ya naɗe ta da zaren kabar dabino, ta zama bishiyar kuka. Ya farfasa gawayin turaren wuta ya cika wurin kwal. Kan jirgin nan mai kyau ya shafe shi da baƙin fenti, ya tara shi a hayaƙin kyandir, ya barbaɗa masa toka, har ya koma kamar abin da ya yi shekara ashirin yana aiki. Ɗakin ya riƙa warin ƙaro da man keken ɗinki da ɗan ƙaurin wuta.

Sai a hankali na lura ba hanyar jirgi yake ginawa ba, kwanar dogo ɗaya tak yake ginawa, inda hanya ke lanƙwasa. Dogo ya miƙe, ya wuce gindin kuka, ya lanƙwasa ya zagaya wani tudu, ya ɓulla wajen wata 'yar gada. Shi ke nan. Babu tasha a farko, babu a ƙarshe. Kan wannan ya cinye sanyin shekarar gaba ɗaya, lokacin da iskar Madina ke tsaga leɓe, yana sanye da rigar sanyi biyu. Tudun kaɗai sau huɗu ya rushe shi. Yakan rufe ido, ya ɗora hannu a kansa, leɓɓansa suna motsi, sannan ya girgiza kai ya kankare. Falwayoyin wayar tangaraho kuwa, da tsinken sakace ya yi su, yana auna tsakaninsu da zare mai ƙulli. In ɗaya ta goce da faɗin ƙwayar gero sai ya tuge ta. Na tambaye shi wane gari ne wannan, ya ce ba gari ba ne, wuri ne.

Akwai abubuwan da yaro ke gani ya adana bai san ma'anarsu ba. Wata rana Umma ta gasa masara a kan rufi, hayaƙin ya shiga ɗakin Kaka. Ya fito yana haki, ya ce don Allah a kashe, har Umma ta tsorata ta zuba wa garwashin ruwa. Sannan akwai wani dattijo Bahaushe daga unguwar Awali, mai kula da gonar dabino, da yake zuwa gaishe shi. Haifaffen nan ne, amma ubansa da ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa, shekara bakwai a hanya. Hausarsa irin ta mutanen da ce, yana yi yana tsoma Larabci. Mutum ne mai son ba da labarin tafiyar ubansa, yadda suke noma a wani gari su sami guzuri su ƙara gaba, yadda kowane matafiyi ke ɗauke da likkafaninsa a ƙunshi. Duk sanda ya ɗauko wannan labari sai Kaka ya tashi, wai zai kama ruwa, ba zai dawo ba sai an canza magana. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ni lokacin dabinon da dattijon ya kawo ne a gabana.

Daga cikin dabinon nan ne Kaka ya ci ɗaya, ya tsotse ƙwallon tas, ya shanya shi a taga. Washegari na tarar da shi a tsaye tsakiyar dogo, bayan tudu, dab da gada, an kafa shi da ɗigon ƙaro. Wurin da ba mutum ba dabba, sai wannan ƙwallo siriri mai tsaga a baya. Ban san dalili ba, amma tsigar jikina ta tashi. Daga ranar Kaka ya fara kunna jirgin. Ya murɗa maɓalli, jirgi ya taho yana ƙis-ƙis-ƙis, ya wuce kuka, ya shiga kwana. Kafin ya kai ga ƙwallon sai ya kai hannu ya danne shi, ƙafafun suna ta juyawa a banza ƙarƙashin tafinsa. Ya mai da shi baya, ya sake. Wani lokaci daga azahar har la'asar.

Ranar da nake son gaya maka ta faɗo ne a tsakiyar zafi, kwanakin da mutanen nan ke cewa zafin ne ke dafa dabino. Iska tana busowa kamar daga bakin tanda, ko tantabara ba ka gani a sama. Ya kira ni bayan azahar, ya rufe ƙofa, ya kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙararsa na damunsa.

"Amarya, yau aron idonki zan yi. Nawa sun ƙi."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar yana magana da sabon ma'aikaci. A wannan kwana, ya ce, direba ba ya ganin gaba, tukunyar jirgi ta tare shi. Fayaman ne ke gani ta nasa ɓangaren, don haka doka ce ya ajiye shebur ya leƙa har a fita kwanar. Jirgi mai kaya kuma, a gudun da ake yi a wurin, in aka taka birki sai ya ci falwaya goma sha biyu kafin ya tsaya. Ya sa na durƙusa, na manna kumatuna a kan katako bayan kan jirgin, ta ɓangaren fayaman, na rufe ido ɗaya. Bai kunna wuta ba. Da yatsa ya riƙa tura jirgin, falwaya bayan falwaya, ni kuma ina binsa da kai. Ya ce da zarar na hango ƙwallon in faɗa.

Rairayin yana soka mini kunci, gumi yana shiga mini ido. Muka wuce gindin kuka. Tsakanin kukar da gefen tudu akwai ɗan sarari, ta nan na hango shi can, tsaye, baƙi-baƙi.

"Shuftu, ya Jaddi! Na gan shi!"

Ya tsaya. Ya bi falwayoyin da yatsa daga hancin jirgi zuwa ƙwallon, yana ƙirgawa a fili. Goma sha biyar. Ya ce a sake. Muka sake, na ƙara ƙwalla ihu tun da wuri, goma sha biyar. Karo na uku ma haka. Ni fa murna nake yi, na ɗauka gasa ce na ci. Har rawa na taka ina cewa idona ya fi na kowa a gidan, in yana so ma zan iya hango shi tun kafin nan. Baki shi ke yanka wuya, ai ni na gani. Kaka ya dafa bango ya zauna a bakin gado. "Madalla, amarya," ya ce. "Idonki lafiya lau. Jeki ki sha ruwa."

Daga ranar tsohon nan ya fara zubewa. Tuwon da Umma ke tuƙa masa shi kaɗai ya riƙa dawowa yadda aka kai shi. Ya daina bin Babana Harami, shi da ko ciwon gwiwa bai taɓa hana shi ba. Maganar komawa gida da take ta Juma'a-Juma'a ta koma ta kullum, kuma yanzu da kuka yake yin ta. Na ji shi ta bayan ƙofa yana ce wa Babana, "Na roƙe ka da girman Allah, ka fitar da ni tun ina iya hawa jirgi." Babana ya fito idonsa ja, ya ce wa Umma wannan tarkacen jirgi ne ya jawo, gobe zai sa a sauke shi. Sai dai bai iya ba, kuma na ga ya fara tambayar yadda za a yi da takardun tafiya.

Ni yarinya ce amma ba sakarya ba. Na gane goma sha biyar ce ta kwantar da shi, kuma daga bakina ta fito. Na yi lissafina na yara: in sha biyu ake bukata, to a rage abin ya koma ƙasa da haka, Kaka ya ci tuwo. Wata la'asar da ya shiga wanka, na ɗebi rairayi da ƙaro na ƙara wa tudun kafaɗa ta wajen kukar, na toshe ɗan sararin nan, na shafe da yatsa yadda ba za a gane ba. Da ya fito na ce, cikin Hausata mai tuntuɓe, mu sake gwadawa, ina jin rannan kuskure na yi.

 Ya ɗora hannu a kan tudun kamar yadda ya saba, yatsunsa suka tsaya cak a wurin da ke da danshi. Na jira faɗa. Sai ya sa farce ya kankare abin da na ƙara, a hankali, har sararin ya dawo.

"Ni ma haka na yi," ya ce. "Shekara hamsin ina ƙara wa tudun nan ƙasa."

Ya janyo akwatin ƙarfen, ya kwance igiyar, ya buɗe kwaɗon. A ƙarƙashin rigunansa akwai wani ƙunshi. Likkafani ne na farin saƙin hannu, ƙwarya-ƙwarya an ɗinke, ya tsufa har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da wata 'yar tasbaha ta itace a ciki. Ya ajiye shi a cinyarsa ya ba ni labarin, muryarsa ba hawa ba sauka.

Lokacin kaka ne, sabuwar masara ta fito. A tashar da suka baro wata mai talla ta ba shi guda biyu. Al'adar masu aikinsu ce su goge shebur, su ɗora abinci a kai, su zura bakin wuta, nan da nan ya gasu. Yunwa yake ji, ya ce bari ya gasa kafin su kai gada. Kwanar ta same shi a sunkuye, yana juya masara kada ta ƙone. Bai ga komai ba, sai ji ya yi. Wani tsoho ne yake bin dogo da ƙafa ya nufi gabas, wataƙila kurma ne. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka ce jiya ya kwana a masallacinsu, ba wanda ya riƙe sunansa, ya dai ce musu Madina za shi, yana so ya mutu kusa da Manzon Allah. A gefen dogo suka rufe shi da ƙyallen da suka samu. Sai da aka kai jirgi wurin wanki Kaka ya ga ƙunshin nan ya maƙale a ƙarƙashin gaban inji. Ya ɓoye shi. Da aka yi bincike ya ce ya leƙa, tudu ne ya kare. Aka yarda, shi ma ya yi ta ƙoƙarin ya yarda.

"Falwaya uku na rage masa," ya ce. "Saboda masara biyu. To gaya mini, amarya, da wace fuska zan kwanta a inda na hana shi zuwa?"

Wallahi ba hikima ce ta sa na yi magana ba. Haushi ne da tsoro, don na ga da gaske tafiya zai yi ya bar ni. Na nuna ƙunshin, ina kuka ina haɗa Hausa da Larabci, na ce to wannan fa? Ya zo har nan, saura ɗan taƙi ya isa, kai kuma za ka sake sa shi a akwati ka mai da shi baya? Sau biyu ke nan ka tare masa hanya!

Na faɗa na toshe bakina, don ko a wasan jika ba a yi wa kaka irin wannan. Ya zuba mini idanun nan nasa masu yana, ya daɗe. Ina jin tankin ruwa yana ɗiga a waje. Daga ƙarshe ya ce in sauka, Umma na nemana, alhali ba ta kira ba.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku na hau da shayinsa na tarar akwatin ya bar bakin ƙofa, an tura shi ƙarƙashin gado, igiyar tana rataye a ƙusa. Ya aika aka kira dattijon Awali, suka shiga da Babana suka rufe ƙofa tun daga hantsi har azahar. Babana ya fito kamar wanda aka yi wa duka. Daga baya Umma ta gaya mini Babana ya yi ta jin nauyin a binne Kaka da ƙunshin, wai kayan wani ne, ba a san magadansa ba. Dattijon ya ce masa ubansa ya sha faɗa, a hanyar ƙafa in mutum ya faɗi, waɗanda suka rage su ke ɗaukar abin da ya bari su ƙarasa da shi, ba a barin guzurin mai niyya a daji.

Kada ka ɗauka Kaka ya warke ya koma wasa da dariya. Bai koma ba. Ya dai ci tuwo kaɗan-kaɗan, ya koma zuwa Harami a keken guragu, bai sake cewa a mai da shi gida ba, jirgin kuma bai sake kunna shi ba. Tsoron yana nan a fuskarsa, sai dai ya daina gudunsa. Da sanyi ya dawo ya kwanta, kwana tara, ya cika da hantsi ranar wata Laraba. Babana ya kai ƙunshin wurin masu wanka, aka sa shi ya zama na ciki a cikin ƙyalle ukun. Mu mata ba ma shiga Baƙi'a, a bakin shinge muka tsaya ni da Umma, muna kallon bayan mutane har suka ɓace cikin jerin duwatsun da ba suna. Da Babana ya dawo, abu ɗaya ya faɗa kafin ya shige ɗaki: saƙin bai kai ƙafafun Kaka ba, ashe mai shi gajere ne.

Yanzu an rushe ɗakin rufin, an jera farantai masu kama tashoshin talabijin a wurin. Madina ma ta yi jirginta, fari fes, ba hayaƙi ba kwal, ba mai leƙawa ta taga. Na hau shi zuwa Makka, na gwada ƙirga turakun gefen hanya, kafin in ce ɗaya goma sun wuce. Kan jirgin Kaka yana kan kabad ɗina da tokarsa, 'ya'yana suna ce masa abin wasan Mama, ƙwallon dabinon kuma yana cikin wurin kwal inda na ajiye shi. Idon da na yi taƙama da shi kuwa, yau ko lambar gida ba na karantawa sai da tabarau.

Wani abu yana ci na, zan gaya maka tunda na fara. Da na girma na yi ta tunani: a kaka fa aka yi abin, lokacin da kuka ke da ganye, dawa ta yi tsawo a bakin dogo, ga hayaƙin inji yana kwanciya gefe in iska ta juya. Kukar Kaka ta waya ce, ba ganye ko ɗaya, jirginsa kuma ba ya hayaƙi. Wataƙila ko ya leƙa ba zai gani ba. Wataƙila kuma shi ya fi ni sanin haka, ya ƙi sa ganyen da gangan. Ba wanda zan tambaya.

Shekaran jiyan nan, da yarinyar ta gama cin masararta ta goge baki da hannun riga, na ce wa mai mota ya bi da mu ta Harami. Na tsaya a bakin shingen Baƙi'a inda na saba tsayawa. Ta tambaye ni, da Larabci, wa muke gaisarwa. Na ce mata mutum biyu ne a rami ɗaya: ɗaya na san fuskarsa, ɗayan kuwa ko Kaka bai taɓa ganinta ba.